Hantar Hajiya Kulu Ba Ta Roba Ba Ce

Duk Juma'a ɗaliban nan namu sukan cika mana falo a unguwar Danau Kota, nan Malesiya, su share tuwon da 'yata ta tuƙa, sannan wani mai baki a cikinsu ya miƙe ƙafa ya ce, "Hajiya, ke kam kin huta lah. A ce aikin mutum shi ne ya hau gado ya kwanta a ɗaki mai sanyi!" Sauran su kwashe da dariya. Ni ba na jayayya da yaro bakinsa da miya. Shi ya sa na ce 'yata ta zauna ta rubuta abin da zan faɗa, ku karanta, tunda karatu aka ce ya kawo ku.

Sana'ata ita ce ciwon haya. Akwai wata makarantar koyon likitanci a garin nan. Kafin su saki ɗalibi ya taɓa mara lafiya na gaske, sai sun gwada shi a kan mai lafiya wanda ya iya kwaikwayon ciwo. Mu ke nan. A ce mini yau ciwon kaza gare ki, in kwanta in yi shi, ɗaliba ta shigo ta lalube ni, babbar likita tana gefe tana kallo, a kaɗa ƙararrawa, wata ta shigo.

Ba wannan ya kawo ni Malesiya ba. Wankan jego na zo yi wa 'yata, mijinta yana koyarwa a jami'ar da ke Jalan Semarak. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar makarantar likitocin ita ta gan ni a lifta, ta dube ni sama da ƙasa kamar mai zaɓen saniya, ta ce wa 'yata suna neman tsohuwa baƙa. 'Yata ta ɓata rai. Matar ta yi bayani: ɗalibansu sun saba gane ƙarancin jini da shawara a farar fata, in aka kawo musu baƙin mutum sai su tsaya suna kallo. Dole su koyi ja da fatar ido ƙasa, su duba tafin hannu da harshe. Na ce in dai fata ce ina da ita, ban taɓa tsammanin za ta yi mini rana ba. Na kafa sharaɗi biyu. Namiji ba zai taɓa mini ciki ko ƙirji ba, iyakarsa ido da gwiwa da wuyan hannu. Kuma ba zan amsa sunan ƙarya ba. Sauran masu ciwon haya kullum da sabon suna, ni kuwa Hauwa'u aka yanka mini rago da shi, Kulu ake ce mini, a nan na tsaya.

Aikina na farko ciwon hanta aka ba ni. Na kwanta, ɗaliba ta shigo, na dafe ciki da hannu biyu na kurma salati, na mirgina, na kira sunan mahaifiyata. A garinmu haka ake ciwo. Ɗalibar ta saki kayan aikinta ta fita da gudu neman taimako. A ranar aka damƙa ni hannun Makcik Salmah. Makcik kamar a ce gwaggo ne da bakinsu. Tsohuwa ce 'yar firit daga Kampung Baru, ta daɗe a sana'ar har ana cewa babu ciwon da ba ta mutu da shi ba. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, amma tana da yatsa. Ta kai ni bayan labule, ta ciro kwalli daga jakarta ta zana mini jikina. Ta tsokani ƙarƙashin haƙarƙarina na dama ta ce, "Sini," wato nan. Hanta ke nan. Ta koma hagu, saifa. Tsakiya daga sama, tumbi. Da na nuna mata mara na ce ƙoda, sai ta doke mini hannu, ta juya ni ta buga mini ƙugu ta baya. Ashe ƙoda a baya suke, guda biyu, suna tace jini suna aika wa mafitsara ruwan da ba a so. Na yi gyaran kayan cikin ragon layya ya fi a ƙirga, ban taɓa kawowa a raina cewa ni ma haka aka jera ni ba.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Zani mai laushi wanda ake sassautawa ba tare da an tsiraita mutum ba. Riga mai buɗewa ta gefe. Mayafi, safa saboda sanyin ɗakin, da dabino a jaka na tsakanin ɗaliba da ɗaliba. Ba a shafa man zafi, ba a sa turare, domin likita har da hanci take aiki. Ba a sa lalle a farce, domin a farce ake ganin ko jini yana kai wa ƙarshen jiki. Wannan ta lalle ta fi ci mini rai. Kuma ba a cin wake. Wata rana na karya da ɗanwake, aka kawo wata 'yar Sin ta ɗora mini abin sauraro a cibiya. Hanji dama yana da motsinsa, yana matsa abinci gaba yana ƙugi kaɗan-kaɗan, shi ake saurare. To nawa a ranar kasuwa yake ci. Yarinyar ta cire abin daga kunnenta, ta duba shi, ta hura shi, ta mayar. Makcik Salmah ta yi mako ba ta yi mini magana da yatsa ba.

Ciwon zuciya shi ne wanda sababbi suke ɓatawa. Kowa sai ya nuna wurin da yatsa ɗaya. Ba haka ba ne. Dunƙule hannu ake yi a ɗora a tsakiyar ƙirji, kamar an aza miki turmi, sannan a shafa hannun hagu da muƙamuƙi, domin can yake kai ziyara. Zuciya famfo ce mai ɗakuna huɗu. Ɓangare ɗaya yana tura jini huhu ya sha iska, ɗayan ya karɓe shi ya watsa wa jiki. Shi ya sa ake jin bugunta a wuyan hannu, a wuya, har a kan ƙafa. Na ga ɗaliban da suka riƙe mini hannu suka rasa bugun, suka ɗago suna kallona da tausayi. Ni dai ba a yarda in yi magana ba, amma ido nawa ne. Nakan kalle su har sai sun gyara yatsa.

Ranar huhu kuma ranar ganga ce. A zaunar da ni, a ɗora yatsa a bayana a riƙa ƙwanƙwasawa kamar mai zaɓen kankana. Inda iska take, sai ya amsa kamar ƙwarya, inda hanta ta fara sai sauti ya mutu. "Ja numfashi, sake. Ja, sake." Ku da kuke cewa hutu ne, ku gwada jan dogon numfashi tun hantsi har azahar ku gani in ɗakin bai fara juyawa da ku ba. Akwai dabara, Makcik ce ta koya mini: ki cika kafaɗa da motsi, amma iskar kaɗan za ki ɗiba.

Akwai ranar guduma. Wata 'yar guduma ce ta roba da ake buga wa mutum a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ƙafa ta yi tsalle da kanta. Saƙon ko ƙwaƙwalwa ba ya kaiwa, a laka yake juyowa. Wannan ba a kwaikwayonsa, ba a kuma hana shi. Na gaya wa wani ɗan Legas da ido cewa ya matsa gefe, bai ji ba, ya tsuguna daidai saitin ƙafata. Abin da ya same shi ba ni na yi ba, laka ce. A ranar ne kuma na koyi abin da ya fi ba ni mamaki, wai in ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ya taɓu, hagun jiki ne yake mutuwa. Sai ki sake hannu ɗaya ya zama kamar tsumma, ki karkace baki, ɗayan ɓarin kuwa yana nan garau. Na yi ta gwadawa a madubin gida har surukina ya shigo ya gan ni ya fara neman makullin mota.

Sai shekarar annoba ta zo, aka rufe ko'ina, aka ce tsofaffi su zauna a gida. Makarantar ta sayo mutum-mutumin roba. Da aka buɗe na je na gan ta kwance a gadona, fara sol, ido a buɗe, babu ko ɗankwali. Tana numfashi, zuciyarta tana bugawa, in an danna wani abu har nishi take yi da Turanci. Na sa mata suna Hajiya Roba. Ba ta cin wake, ba ta jin sanyi, ba ta fita alwala. Aka rage kiranmu sosai. Makcik Salmah ta koma taya 'yarta sayar da abinci a Kampung Baru, ba ta dawo ba. Ni na daure, in an kira ni in je, in ba a kira ba in zauna ina kallon motoci daga sama. Abin da ya dawo da mu shi ne ɗaliban da suka tashi a hannun Hajiya Roba. Da aka kawo su kan mutum mai rai, wata ta yaye mini zani ba sallama, wata ta ɗora mini hannu kamar ƙanƙara, wata ta gama aikinta ta tafi ta bar ni a buɗe. Roba ba ta taɓa ce musu kai ba.

A cikin ɗaliban nan na Hajiya Roba akwai Nusaiba, 'yar Gusau, doguwa mai sanyin murya. Ita nata ciwon daban ne. A kan roba babu wanda ya kai ta. Ranar jarrabawar ciki aka ba ni ciwon matsarmama, wato 'yar jakar ɗacin nan da ke manne a ƙarƙashin hanta. Yadda ake gane shi, ɗaliba ta cusa yatsu ƙarƙashin haƙarƙarin dama ta ce ki ja numfashi. Huhu ya cika, ya turo hanta ƙasa, matsarmama ta zo ta haɗu da yatsu, sai numfashi ya tsaya cak don zafi. In ba ta cusa da kyau ba, ni ba zan yi komai ba. Doka ke nan.

Nusaiba ta shigo, ta ga tsohuwa Bahaushiya a kan gado, sai gwiwarta ta kai ƙasa.

"Mama, ina kwana? An tashi lafiya? Ya gajiya? Ya mutanen gida? Ya baƙunta?"

Dokta Wong, likitar da ke kula da jarrabawar, ta leƙo ta kan tabarau tana neman ɗalibarta a ƙarƙashin gado. Abu na farko da ake so, ɗaliba ta kira sunan mara lafiya da ƙarfi don a tabbatar ba wani aka kawo ba. Nusaiba ta duba katin da ke jikin gadon, ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, ta ce, "Mai sunan Ummana." Da aka zo taɓa ciki sai ta kau da kai gefe, ta miƙo yatsu biyu ta shafa ni kamar mai gwada zafin tukunya. "Yi haƙuri Mama. Sannu Mama. Don Allah ki yafe ni." Hantata tana ciki tana jiran baƙi, babu wanda ya zo. Aka kaɗa ƙararrawa.

Ta faɗi jarrabawar. Aka sake ba ta dama, aka sake haɗa ta da ni, ta sake faɗuwa. A karo na biyun ma har takalmi ta cire a bakin ƙofa. Saura dama ɗaya, in ta faɗi a sallame ta, ta koma Gusau bayan shekarun da ta yi. Surukina ya ce in roƙi a canza mata majinyaciya. Na ce in ta koma Najeriya fa, wa za ta duba? 'Yan Sin? Asibitin Gusau cike yake da irina, rabinsu kuma Hauwa'u ne.

Na aika ta zo gida da la'asar. Ta zauna a ƙasa can bakin ƙofa, kai a sunkuye.

Na ce, "Ba zan gaya miki ciwon da za a ba ni ba, kada ma ki sa rai. Tambaya zan yi miki. Uwarki ta kai 'yata shekaru?"

Ta saci kallon 'yata da ke kicin. "Za su yi sa'anni, Mama."

"To ta ina na zama Mamarki? Kina da kaka?"

"Ina da ita. Inna."

"Haka kike durƙusa mata kina ba ta haƙuri?"

Sai na ga bakinta ya motsa. "Inna? Ai kullum faɗa muke. Goronta nake sacewa. Nakan ce mata ta ƙi tafiya ta bar mana ɗakin."

"Ita kuma ta ce me?"

"Ta ce sai ta ga auren jikokina, mummuna kawai."

Na ce, "Madalla. Daga yau ni sa'ar Inna ce. Kika ƙara ce mini Mama, sai na ci mutuncinki. Sunan nan kuma da kike jin nauyinsa, nawa ne. Ina amsa shi tun ba a san za a haifi uwarki ba, ita ta ara a wurina. Taso ki zauna a nan, mai wuya kamar na zalɓe."

Ba a rana ɗaya ta sake ba. Sai da na yi ta tsokanarta duk zuwan da ta yi. Na kushe girkinta, na kushe tafiyarta, na ce hannunta ko sauro ba zai kashe ba, wa zai aure ta. Tana ta "to", tana ta murmushi. Ranar da na san an gama, muna cin abinci na miƙa hannu na ɗauke naman da ta ajiye gefe tana tanadinsa na ƙarshe. Ta ɗago kai ta ce, "Kai, tsohuwar nan! Da wane haƙorin za ki ci?" 'Yata ta saki ludayi a kicin. Ni kuwa na cinye naman a gabanta, don ta ga haƙoran.

Ranar jarrabawa aka sake ba ni matsarmama. Ba ni na zaɓa ba. Ƙofa ta buɗe, Nusaiba ta shigo da takalminta. Na ga gwiwarta ta ɗan lanƙwashe, na zare mata ido, ta miƙe. Ta yi sallama gajeriya, ta duba kati ta ce, "Hauwa'u?" har da ɗaga gira. Na amsa. Ta murza hannuwanta suka yi ɗumi, ta nemi izini, ta sassauta zanin daidai inda ya kamata ta rufe sauran. An yarda ɗalibi ya yi wa mara lafiya magana da harshen da yake ji, sai ta sunkuyo da murya mai taushi, fuska cike da ladabi, ta ce, "Gyara kwanciya, tsohuwa. Kuma kada ki kuskura ki mutu mini sai an kaɗa ƙararrawa."

Dokta Wong ta gyaɗa kai, alamar ta ga iya lallashin mara lafiya.

Ta fara daga nesa da wurin ciwo, yadda ake yi, tana latsawa tana kallon fuskata ba bango ba. Ta bi hagu ta nemi saifa, ta zura hannu ta baya ta nemi ƙoda, ta ƙwanƙwasa, ta saurari hanji, wanda a ranar ya kama kansa don kunu kawai na sha. Sannan ta zo dama. Ta cusa yatsu ƙarƙashin haƙarƙari ta ce, "Ja numfashi." Na ja. Jama'a, shekara da shekaru ina tsayar da numfashin nan da gangan, amma na ranar ban san wa ya tsayar da shi ba. Yarinyar nan da na ce ba za ta kashe sauro ba, naman nan ta zo ramawa. Na ce "Wash!" da Hausa tsantsa, babu shi a cikin aikin. Ta juya ta yi wa Dokta Wong bayani da Turanci, ta dawo ta rufe ni, ta ɗaura mini zani, ta wanke hannu. Tana gamawa aka kaɗa ƙararrawa.

Ta ci jarrabawar. Yanzu haka tana zagayen asibiti da farar riga.

Da aka tashi a ranar na zauna a benci a baranda, na gyara mayafi, ina jira ta zo ta durƙusa ta biya ni gaisuwar da ta taru, ta ba ni haƙurin hanta. Ta zo kuwa. Ta zauna kusa da ni kafaɗa da kafaɗa, ta buɗe jakata, ta kwashe dabinon ta tafi tana ci. Bayan mako biyu na kira ta na ce jarrabawa ta wuce, a koma yadda ake, ni Mama ce. Ta ce ba a yi haka da ita ba, kaka ba ta komawa uwa. Tun daga ranar ban ƙara ganin gwiwarta a ƙasa ba.

Ku da kuke zuwa Juma'a kun san ta. Ita ce wadda takan shigo ta kama mini wuyan hannu, ta lumshe ido tana sauraro, ta ce wa 'yata, "Anti, har yanzu tana bugawa fa, sai dai a ƙara haƙuri," sannan ta ɗauke naman da ke kwanona. To mai cewa sana'ar nan kwanciya ce kawai, ga tabarma nan a falo. Ya zo ranar Juma'a mai zuwa ya kwanta, ya ja numfashi. Zan ce Nusaiba ta nemo masa hantarsa.